Zaɓen Sabuwar Lasifika ga Tsohuwar Amfilifayar Jita Mai Bawul

Amfilifayar jita mai bawul na'ura ce da ke karɓar ɗan raunannen lantarkin da karkarwar tsirkiyoyin jita ke haifarwa, ta ƙara masa ƙarfi ta cikin wasu kwalaben gilashi da aka zuƙe iskarsu, waɗanda ake kira bawul, sannan ta miƙa shi ga lasifika domin ta mayar da shi sautin da kunne zai ji. Irin waɗannan na'urori su ne suka riƙe fagen kiɗan jita a Amurka da Ingila tun daga shekarun 1940 har zuwa ƙarshen shekarun 1960, kuma ko da yake taransista ta daɗe da korar bawul daga rediyo da talabijin, makaɗa ba su daina farautar tsofaffin ƙirar Fender da Vox da Marshall ba, suna biyan kuɗi masu yawa a kansu. Lasifika tana cikin sassan da suka fi saurin gajiya a jikin waɗannan na'urori, domin takarda ce da gam da siririyar waya, kuma shekara sittin ta wadatar wajen busar da gam da ruɓar da takarda. Saboda haka duk wanda ya mallaki irin wannan amfilifaya, ko ba daɗe ko ba jima, zai tsinci kansa yana neman abin da zai maye gurbin lasifikar asali.

Abin da ke sa wannan zaɓi ya yi wuya shi ne lasifikar jita ba ta aikin da lasifikar sauraron waƙa ke yi. Ita ta sauraro ana so ta fitar da abin da aka ba ta ba ƙari ba ragi, alhali ta jita tana da hannu dumu-dumu a cikin sautin da ake ji, kamar yadda fatar da aka rufe ganga da ita take da hannu a amonta ko da itacen bai canza ba. Tsirkiyar da ta fi kauri a jita tana karkarwa kimanin sau 82 a daƙiƙa, lasifikar jita kuma takan fara yin shiru idan karkarwa ta haura sau 5,000 a daƙiƙa, kuma wannan gazawa alheri ce, domin ita ke tace ƙarar nan mai soke kunne da bawul ke fitarwa idan aka matsa masa. Tarihin Marshall ya isa shaida. Lokacin da Jim Marshall ya fitar da JTM45 a Landan a 1962, tsarin wayoyinta kusan kwafi ne na Bassman ɗin Fender, samfurin 5F6-A, amma sautin biyun ya yi hannun riga. Akwai 'yan bambance-bambance a bawul da taransifoma, sai dai kaso mai tsoka na saɓanin ya fito ne daga cewa Bassman na ɗauke da lasifikan Jensen huɗu masu inci 10 a akwati mai buɗaɗɗen baya, Marshall kuwa ya zuba lasifikan Celestion masu inci 12 a akwati rufaffe.

Ginin lasifika ba shi da sarƙaƙiya. A bayanta akwai maganaɗisu, a cikin wani siririn rami da ke tsakiyar maganaɗisun kuma akwai kwayil, wato siririyar wayar tagulla da aka naɗe a jikin ɗan bututu, shi kuma bututun yana manne da takarda mai siffar mazurari wadda aka kafa a firam na ƙarfe. Idan lantarki ya ratsa kwayil, sai maganaɗisun ya riƙa tura shi gaba yana janyo shi baya, takardar ta bi shi, iska ta motsa. Kaurin takardar, da zoben-zoben da aka tsaga a jikinta ko rashinsu, da ɗanƙon da aka shafa a gefenta domin rage rawar baki, da faɗin kwayil, da abin da aka yi bututunsa da shi, kowanne yana barin tambarinsa a sauti.

Kafin a kai ga saye, wajibi ne a tabbatar lasifikar ce ta lalace, domin kurman sauti ko ƙugi sau da yawa daga gajiyayyen bawul ko tsohuwar kafasita suke fitowa, kuma hanya mafi sauƙi ta rarrabewa ita ce a jona amfilifayar da wata lasifika mai lafiya a saurara. Idan aka ɗora yatsu a kewayen tsakiyar takarda aka danna a hankali, daidai wa daida ta kowane gefe, sai aka ji ƙaiƙayi kamar ana goga yashi, to kwayil na gugar bangon raminsa, ko dai don zafi ya lanƙwasa shi ko don datti ya shiga. Ko a nan ma saye ba shi ne kaɗai mafita ba, domin gwanin gyara na iya ɓare takarda da kwayil ya sa sababbi a kan tsohon firam da tsohon maganaɗisu. Wannan gyara ya fi cancanta idan lasifikar ita ce wadda na'urar ta fito da ita daga masana'anta, abin da ake ganewa daga lambobin da aka buga a gefen firam. Masana'antun Amurka suna da lambobin shaida: 220 ta Jensen ce, 465 ta Oxford, 328 ta Utah, 137 ta CTS, 67 kuma ta Eminence, sannan alƙaluman da ke biye suna nuna ƙarshen shekara da makon da aka ƙera ta. Sai dai a sani cewa lasifikar da aka sabunta wa takarda ta tsira da kamanninta da wani ɓangare na darajarta ne kawai, sautinta kuwa ya dogara ga kusancin sabuwar takardar da tsohuwar.

Idan saye ya zama dole, akwai sharuɗɗan da na'urar ce ke gindaya su, ba kunnen makaɗi ba, kuma na farkonsu shi ne turjiya, wato gwargwadon yadda lasifika ke tare lantarkin da ke ratsa ta, wadda ake aunawa da om. Bawul yana aiki da wuta mai ƙarfin ɗaruruwan bolt, kuma yana bukatar ya tarar da turjiya ta dubban om a gabansa, alhali lasifika ba ta wuce om 4 ko 8 ko 16 ba. Abin da ke sasanta su shi ne taransifomar fita, wadda ke ninka turjiyar lasifika da wani adadi tsayayye kafin ta nuna wa bawul. Ma'anar wannan ita ce idan aka sa lasifika mai om 16 inda aka tsara om 8, bawul zai ga ninki biyu na abin da aka shirya masa, idan kuma aka sa mai om 4 zai ga rabi. Ƙarancin turjiya yana wahalar da bawul ya rage masa kwana, amma yawanta ya fi haɗari, domin yana haifar da tsallen wuta a cikin taransifoma wanda ke iya huda rufin wayoyinta ko ya yi tartsatsi a mazaunin bawul. Ƙarshen wannan haɗari shi ne a kunna na'urar a buga jita ba tare da lasifika a jone ba sam, abin da amfilifayar taransista kan jure amma ta bawul ba ta jurewa. Fender ta san da haka, shi ya sa ramin lasifika na tsofaffin na'urorinta yake haɗe wayoyin fita da kansa idan aka zare fulogi. Masu gyara da yawa na cewa tsofaffin taransifomomin Fender na ɗaukar saɓani na ninki biyu ko rabi ba tare da matsala ba, kuma akwai gaskiya a ciki tunda ramin ƙarin lasifika da kamfanin ya sa yana raba turjiya biyu, amma taransifoma mai shekara sittin ba abin gwaji ba ce, kuma idan ta ƙone ta asali ba ta dawowa.

Sanin turjiyar da na'ura ke so yana bukatar lura, domin tsofaffin amfilifayoyi da dama ba su rubuta ta a jikinsu ba. A cikin na Fender, Deluxe Reverb da Princeton Reverb suna son om 8, ƙaramar Champ tana son om 4, Twin Reverb na ɗauke da lasifika biyu masu om 8 da aka haɗa kafaɗa da kafaɗa suka ba da om 4, Bassman 5F6-A da Super Reverb kuwa guda huɗu ne da suka sauko zuwa om 2. A wajen Vox AC30 an bi ɗaya hanyar, aka jera lasifika biyu masu om 8 ɗaya bayan ɗaya suka tashi om 16. Ƙa'idar ita ce haɗin jere yana tara turjiya, haɗin kafaɗa da kafaɗa kuma yana raba ta. Wanda ya ɗora mita a kan tsohuwar lasifika kada ya yi tsammanin ganin cikakken adadi, domin mita tana auna wayar ne a tsaye: mai om 8 takan nuna tsakanin 6 da 7 ko ƙasa kaɗan, mai om 16 ta nuna wajen 12 zuwa 14, mai om 4 kuma wajen 3. Adadin da aka rubuta a jikin lasifika ma kansa kintace ne, tunda turjiyarta na hawa sosai a wurin da takardar ke son karkarwa da kanta, can ƙasa kusa da muryar tsirkiya mafi kauri, sannan ta sake hawa a sautuka masu kaifi. Amfilifayar bawul ba ta iya danne wannan hawa da sauka kamar ta taransista, musamman irin su AC30 da Deluxe 5E3 waɗanda ba a sa musu tsarin mayar da ɗan sautin fita baya domin ladabtar da shi ba, saboda haka halin lasifika ya fi fitowa fili a cikinsu.

Sharaɗi na biyu shi ne wat, wato yawan wutar da kwayil zai iya sha kafin zafi ya narkar da gamsa. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ɗaukar adadin da aka rubuta wa amfilifaya a matsayin iyakarta. Wat 22 da aka san Deluxe Reverb da shi awo ne na sauti mai tsabta, amma idan aka murɗa ta har sauti ya fara kaushi, wanda shi ne ainihin abin da makaɗa da yawa ke nema, wutar da ke isa kwayil takan zarce haka nesa, a lissafi ma tana iya kusantar ninki biyu. Wannan ne ya sa masu gyara ke ba da shawarar lasifikar da ta fi amfilifaya da rabi ko ninki guda. Tsofaffin masana'antun ba su bi wannan ba, domin lasifikan zamanin ba su da juriya: Celestion mai shuɗin fenti da ke cikin AC30 wat 15 ce, biyu sun tashi 30 cif, ba rarar ko ɗaya, kuma tulin akwatuna biyu masu lasifika huɗu-huɗu da aka san Marshall da shi ya samo asali ne daga bukatar raba wat 100 a kan lasifikan da kowacce ba ta wuce wat 20 ko 25 ba. Inda ake haɗa lasifika iri biyu masu turjiya ɗaya, wuta na rabuwa daidai ne, don haka juriyar akwatin ita ce juriyar mafi rauni a ninka da yawansu. Amma wuce gona da iri ma yana da nasa farashi. Lasifikar da aka gina domin wat 200, irin EVM12L ta Electro-Voice, tana da kwayil babba da takarda mai tauri, kuma amfilifaya mai wat 12 ba za ta taɓa kai ta inda take fara laushi da ƙara nata kaushin ba. Wasu wannan tsabtar suke so, wasu kuma su ji kamar an cire wa na'urar rai.

Akwai awo na uku da masu saye suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali ya fi sunan kamfani tasiri a kan yadda na'urar za ta yi aiki a hannun mai ita. Wannan shi ne ƙarfin amsawa, wato yawan ƙarar da lasifika ke bayarwa idan aka ba ta wat ɗaya aka saurara daga nisan mita ɗaya, ana kuma auna shi da desibel. Ma'aunin desibel ba ya tafiya kai tsaye: ƙarin desibel 3 daidai yake da ninka wutar amfilifaya sau biyu. Celestion mai shuɗin fenti da Vintage 30 ta wannan kamfani duka an rubuta musu desibel 100, Greenback ɗinsa kuma 98, ƙananan lasifika masu ɗan maganaɗisu kuwa sukan tsaya wajen 95. Idan aka cire mai 95 daga Deluxe Reverb aka sa mai 100, tamkar an mayar da wat 22 kusan wat 70 ne ba tare da an taɓa waya ko ɗaya ba. Ga makaɗin da ganguna ke danne wa sauti a dandali, wannan babbar riba ce, domin zai samu ƙara mai tsabta kafin bawul ya fara kaushi. Ga wanda ke buga jita a ɗaki ko a situdiyo kuwa hasara ce, domin daɗin amfilifayar bawul yana fitowa ne idan an matsa mata, kuma da lasifika mai kaifin amsawa ba zai kai wurin ba sai maƙwabta sun yi ƙorafi. Saboda haka tambayar inda za a yi kiɗan ta riga tambayar wace lasifika ce ta fi kyau. Ya kamata dai a yi hattara da alƙaluman, domin kamfanoni ba su bin hanya ɗaya wajen awo, kuma kwatanci ya fi inganci tsakanin kayan kamfani guda.

Muhawarar da ta fi cin lokaci a tsakanin makaɗa ita ce ta maganaɗisu. Lasifikan shekarun 1950 da alniko aka yi su, wani gami na alminiyam da nikel da kobal da baƙin ƙarfe, kafin tsadar kobal ta sa masana'antu suka koma wa maganaɗisun tangaran a shekarun 1960. JBL ta riƙe alniko har zuwa ƙarshen shekarun 1970, lokacin da yaƙin lardin Shaba na ƙasar Zayar, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, ya girgiza kasuwar kobal ta duniya a 1978. A sunayen Jensen harafin P na nufin alniko, C tangaran, alƙaluma faɗin lasifika a inci, harafin ƙarshe kuma girman kwayil da maganaɗisu, inda R ke da kwayil mai inci ɗaya, Q inci ɗaya da kwata, N inci ɗaya da rabi. Masu son alniko suna cewa yana sassauta bugun farko idan aka matsa masa, ya sa sauti ya yi santsi, tangaran kuma ya fi tsauri da naushi. Akwai abin ji a wannan magana, amma an kambama ta fiye da kima, domin lasifikan da ake kwatantawa kusan kullum sun saɓa a takarda da kwayil ma, sai a jingina dukan bambancin ga maganaɗisu saboda shi ne abin da ido ke gani kuma shi ne ya fi tsada. Greenback, wadda aka gina sautin rok na Ingila a kanta, tangaran ce, haka ma Vintage 30 da ta fito a 1986, wadda sunanta ke ruɗi ta fuska biyu tunda sabuwar ƙira ce kuma wat 60 take ɗauka. Neodimiyam na zamanin nan babbar fa'idarsa sauƙin nauyi ce, abin da mai ɗaukar Twin Reverb zuwa bene ba zai raina ba.

Da yawan masu saye burinsu su dawo da sautin asali, kuma nan ne ake bukatar rage zato. Fender ba ta tsaya ga lasifika ɗaya ba. A shekarun 1960 ta sayi lasifikan Jensen da Oxford da Utah da CTS gwargwadon farashi da samuwa, har ta ba da JBL D120F ga mai iya ƙara kuɗi, don haka Deluxe Reverb biyu da suka fito a shekara ɗaya na iya saɓawa a murya tun suna sababbi. Sautin da kunne ya saba da shi a faifai kuma ya bi ta makirufo da na'urorin situdiyo, sannan tsohuwar lasifikar da ake ji yau ta sha shekaru tana laushi, ba haka take ba ranar da ta fito. Suna ma ba hujja ba ne, domin Jensen ta Cikago ta daɗe da barin wannan sana'a, kuma lasifikan da ke ɗauke da sunan yanzu kamfanin SICA ne ke ƙera su a Italiya, da kwayil mafi juriya fiye da na dā. Ƙananan masana'antu irin Weber ta jihar Indiyana da manya irin Eminence ta Kentaki suna fitar da kwaikwayon tsofaffin ƙira, wasu ma sun fi masu riƙe da sunan kusanci da asali. Abin da ya fi amfani shi ne rabon da makaɗa suka saba yi: muryar Amurka mai kaurin ƙasa da walƙiyar sama da ɗan rami a tsakiya, da muryar Ingila mai cikar tsakiya da kaushi mai daɗi. Amfilifayar da ta riga ta yi kaifi, kamar Fender masu baƙar fuska na tsakiyar shekarun 1960, tana iya amfana da lasifika mai cikar tsakiya, ita kuwa 5E3 da ƙasanta ke saurin sakwarkwacewa ta fi son wadda ba ta ƙara mata kauri.

Bayan duk wannan sai batun shiga akwati, wanda ma'aunin tela ke warwarewa. A ƙananan amfilifayoyi taransifoma da bawul suna rataye ne dab da bayan lasifika, kuma babban maganaɗisu ko murfin alniko na iya tokare su. Allon gaba na wasu na'urorin Fender yana da ƙusoshi takwas a kafe, alhali firam ɗin Celestion ramuka huɗu gare shi, sai a ciro ƙusoshin da suka yi rara a adana su maimakon a huda firam, a kuma yi hattara kada tsininsu ya tsaga sabuwar takarda yayin sakawa. Ɗaure noti fiye da kima yana karkatar da firam har kwayil ya fara guga. Inda lasifika ta wuce ɗaya dole su motsa tare, in ba haka ba kaurin sauti zai ɓace, kuma da yake alamar wasu tsofaffin Jensen ta saɓa da ta zamani, gara a taɓa ƙafafun da batir mai bolt 9 na ɗan lokaci a ga ko takardun duka gaba suke yi. Wasu na'urorin shekarun 1930 da 1940 kuwa ba su da maganaɗisu na dindindin, naɗin waya ne da ke shan wuta daga na'urar kuma yana cikin tsarin tace wutarta, don haka sauya irin wannan aikin ƙwararre ne, domin kafasitocin ciki na iya riƙe ɗaruruwan bolt bayan an zare fulogi.

A garuruwan da jita mai lantarki ta samu gindin zama, kamar Agadas da Yamai, ko inda ake tara kayan kiɗa a Kano, abin da ya fi samuwa a kasuwa shi ne lasifikar taron biki da wa'azi, kuma faɗinta da turjiyarta na iya dacewa, amma an gina ta ne domin ta sha wuta mai yawa ba tare da ta sa baki a sauti ba, wanda shi ne akasin abin da ake nema a nan. Ƙurar hunturu da ke shiga ramin kwayil da zafin bazara da ke busar da gam su ma dalili ne na rufe na'urar idan ba a amfani da ita. Sabuwar lasifika takan fito da tauri, muryarta a matse, sai ta yi sa'o'i masu yawa tana aiki da ƙara mai ɗan ƙarfi kafin gefen takardar ya saki, don haka hukuncin ranar farko ba abin dogaro ba ne. Tsohuwar da aka cire kuwa, ko ta yage ko ta ƙone, a sa ta a kwalin sabuwar fuskarta na kallon ƙasa a ajiye a busasshen wuri, domin masu sayen tsofaffin amfilifayoyi suna tambayar lasifikar asali kafin su yi tayi, kuma allon gaban da aka faɗaɗa domin a cusa mai inci 12 a gurbin mai inci 10 ba ya komawa yadda yake, shi ya sa masu lura suke sassaƙa sabon allo su jingine na asalin tare da lasifikarsa.